Mai Ƙara Bai Zo Ba

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Baba Iro ya shigo harabar kotunmu riƙe da takalmansa a hannu ba. Shekarar fari ce, ta biyu a jere, a zamanin soja. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba, kuma a wannan yanki namu na arewacin Kano gona tana manne da gona, babu wani daji da mutum zai shiga ya samo abin kai wa baka. Wanda ya saba ɗaure dami arba'in, a shekarar sai ya ɗauke amfanin gonarsa duka a kan jaki ɗaya.

A lokacin ni ne ƙaramin masinja. Ga waɗanda ba su san tsarin ƙaramar kotu ba, a sama akwai Alƙali. Daga shi sai rajistara, mai riƙe da littattafai da fayiloli. Sai akawu mai rubuta sammaci, sai ɗan sandan kotu, sannan mu masinjoji a ƙasa. Aikina shi ne shara, da kiran sunayen masu shari'a, da kai sammaci ƙauyuka a kan keke. Ban iya karatun boko ba a wancan lokaci. Akawu ne yake karanta mini takarda in haddace. Ta gabas in sa a aljihun dama, ta yamma a aljihun hagu, ta gaggawa kuwa cikin hula. In na dawo sai in faɗi abin da na gani, rajistara ya rubuta, in dangwala babban yatsa a ƙasa. Da zarar na dangwala, maganata ta zama shaida a gaban Alƙali.

Ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki bayan kotu. Iyalina na mayar da su wajen mahaifina a ƙauye, domin albashin masinja ba ya kai mu tsakiyar wata a irin tsadar da ake ciki. Abincina sau ɗaya ne a rana, wani lokaci rogo da ƙuli. Na faɗi wannan ne ba don a tausaya mini ba, sai don a gane abin da ya biyo baya.

Baba Iro dogon tsoho ne siriri, ya haura saba'in. Daga Kwarin Dunya ya tako da ƙafa, tafiyar hantsi guda. Ya durƙusa a gaban teburin rajistara, Malam Bala, wanda mutum ne mai son raha.

"Baba, wa ya ci maka iyakar gona?"

"Ba gona ba ce."

"To akuyar wa ta yi maka ɓarna? Ko da yake bana babu abin ɓatawa."

"Uwargidana aka hana ni gani."

Malam Bala ya ajiye biro. "Shekarunta nawa, uwargidan?"

"Biyar. Da damina za ta shiga shida."

Duk muka yi dariya, mun gane jika yake nufi. Shi bai yi ba.

Ga yadda maganar take. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, ya aurar da ita ga wani manomi mai suna Sale a Gidan Maƙera. Ta haifi Binta, ta rasu a haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta. Ranar jana'iza, a gaban mutane, tsohon ya ce, "Da a gidana take..." Bai ƙarasa ba, amma kowa ya ji, Sale ma ya ji. Duk da haka zumunci bai yanke ba, domin matar Baba Iro tana zuwa ta ɗauko yarinyar ta kwana biyu a wajensu. Sai ita ma tsohuwar ta rasu. Daga nan hanya ta toshe. Sau uku yana zuwa ƙofar gidan Sale, sau uku ana ce masa yarinyar tana barci, ko an aike ta. Shekara guda da watanni ke nan bai sa ta a ido ba. Yanzu kuma ya ji labari Sale zai kwashe iyalinsa su tafi Kudu neman abinci, cikin 'yan makonni.

Malam Bala ya ce, "Sunan marigayiyar?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba tana raye, ba zai fara yanzu ba. Can ya ce, "Sunan matar Annabi Adamu." Malam Bala ya rubuta Hauwa, bai ƙara wata raha ba.

Na kai wa Sale sammaci ranar Laraba, aka zauna shari'a ranar Litinin. Sale bai wuce shekara talatin da biyar ba, mutum ne mai ƙarancin magana. Da ya shigo ya ga surukinsa, sai ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, kamar ba shi aka kai ƙara ba.

Alƙalinmu dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya fara da yi wa tsohon bayani. Ya ce a shari'a riƙon yaro ƙarami na mata ne, uwa tukuna, in babu ita sai kakar wajen uwa, a bi dangin uwa mata a jere. "Da mai ɗakinka tana raye, da ita ce kan gaba. Kai kuwa kakan wajen uwa, ba ka cikin jerin masu riƙo. Ka gane?"

"Allah ya gafarta Malam, ni ban zo karɓarta ba. In na karɓe ta me zan ba ta? Ido kawai nake roƙo."

"Wannan kuma haƙƙinka ne," in ji Alƙali. "Uba yana da iko da 'yarsa, amma ba shi da ikon yanke mata zumunci. Sale, me ya sa ka hana shi?"

"Allah ya gafarta Malam, ban hana ba. Cewa na yi a bari tukuna."

"A bari sai yaushe?"

"Sai abubuwa sun yi sauƙi."

"Yaushe za ka tashi?"

"Asabar ta uku daga yau, in motar ta samu."

Alƙali ya yi ta juya shi, amma Sale bai ƙara ko kalma ba. Dukanmu muka ɗauka maganar jana'iza ce take cinsa. Sai aka yanke cewa kowace Juma'a, daga saukowa masallaci zuwa la'asar, Baba Iro zai ga jikarsa a zauren Sale. Juma'a uku ke nan kafin tafiyar. An zaɓi Juma'a ne saboda ita ce ranar ziyara. Kuma bisa tsarinmu, masinja zai halarta ya ga an bi umarni, ya kawo rahoto. Aka ce ni.

Juma'ar farko na yi salla a masallacin da ke kusa da su, na ƙarasa Gidan Maƙera, na jingine kekena a bakin zaure. An share zauren, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma da buzu a kai. Aka fito da Binta an yi mata wanka, an shafa mata mai, an sa kwalli, an yi mata kitso. Ta zauna a gefe tana kallon tayar kekena. Ni da Sale muka zauna muna kallon hanya.

Ba a daɗe ba aka turo akushi biyu daga cikin gida. Tuwon gero ne da miyar kuka, har da ɗan man shanu a sama, ga ƙwaryar fura. Aka rufe da faifai aka ajiye gefen buzu. Ƙanshin ya cika zauren. Rabona da irin wannan tuwo na manta.

Inuwa ta yi ta tafiya. Aka kira la'asar. Tsohon bai zo ba.

Sale ya miƙe, ya janyo akushi ɗaya ya tura gabana. "Malam Habu, bisimilla. An riga an dafa."

Na ce a'a sau ɗaya, irin a'ar da ake yi don kunya. Ya sake cewa, na wanke hannu. Na cinye akushin tas, na kora da fura. Binta tana zaune tana kallon hannuna daga akushi zuwa baki. Na gutsura mata loma biyu, na ɗauka na yi kirki.

Ranar Litinin na gaya wa Malam Bala, ya rubuta, na dangwala.

Juma'a ta biyu haka aka sake yi. Shara, buzu, kwalli, akushi biyu. Wannan karon babu man shanu. Muka zauna har la'asar, babu tsoho babu labarinsa. Sale ya ce, "Ka dai gani da idonka." Ya turo akushi, na ci. Ina tuƙa keke zuwa gida ina faɗa a zuciyata: tsoho ya tara mutane, ya sa an kira surukinsa gaban Alƙali, an ba shi abin da ya nema, ya kuma yi zamansa a gida.

Malam Bala ya ji rahoto na biyu ya girgiza kai. "Ka ga irinsu ke nan. Ba yarinyar yake so ba, so yake a ce ya kayar da suruki." Ya rubuta, na dangwala. Ya ce a ƙa'ida, mai ƙara in ya ƙi amfani da umarnin da aka ba shi, ana aika masa takarda ya zo ya yi bayani, in ba haka ba a rufe fayil. Akawu ya rubuta takardar, na sa ta a hula.

Ranar Talata da hantsi na isa Kwarin Dunya. Gidan Baba Iro yana ƙarshen gari. Na yi sallama sau uku kafin ya amsa, ya ce in shigo, ai babu matan da zan yi wa kunya. Ɗaki biyu ne, ɗaya an ja ƙyaure an ɗaure da igiya. Turke babu dabba. Rumbu a buɗe, murfinsa a ƙasa. A murhu akwai 'yar ƙaramar tukunya ɗaya, tokar ma ta yi sanyi. Yana zaune a gindin bango yana feƙe karan dawa da wuƙa.

Na ciro takarda, na faɗa masa abin da ke ciki, da murya irin ta aiki. Na ƙara da nawa: "Baba, ka ba mu kunya. Juma'a biyu muna zaune muna jiranka, ba ka zo ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na zo."

"Ina ka zo? Ni ina zauren tun daga saukowa masallaci."

"Na san kana nan. Kekenka baƙi ne, an ɗaure sirdinsa da jan ƙyalle. Juma'ar farko ka jingine shi dama da ƙofa, ta biyu ka kai shi inuwar darbejiya."

Na ce, "To a ina ka tsaya?"

"Akwai wata tsamiya a bayan gidan, wajen gonar rogo. Nan nake tsayawa. Tun kafin azahar nake isa."

"To me ya hana ka zagayowa? Taku nawa ne?"

Ya ajiye wuƙar. "Ɗana, hayaƙi na gani."

"Hayaƙi?"

"Bana wa ka gani yana hura wuta da rana tsaka? Duk garin nan, in an dafa sau ɗaya da yamma an gode Allah. Na iso na ga hayaƙi yana tashi daga gidan Sale, gidansa kaɗai a duk unguwar, na ji ana daka. Na san ni ake yi wa. Suruki ba zai taka gidanka ranar Juma'a ka ba shi ruwa kawai ba, ko da za ka sayar da rigarka. Ni kuma na san abin da ke rumbun yaron nan, gonarsa a kan hanyata take. Ba shi da komai sai damin iri."

Damin iri, ga wanda bai yi noma ba, shi ne zangarniyar da manomi yake zaɓa mafi kyau a lokacin girbi, ya ɗaure daban, ya rataye. Ba a taɓa shi ko yara suna kuka, domin shi za a shuka in ruwa ya sauka.

Ya ci gaba. "Na ce a raina, in na shiga na ci, na ci abincin yarinyar na kwana biyu. In na shiga na ƙi ci, na ci mutuncinsa a gaban ɗan aiken Alƙali, a ce har yanzu ina riƙe da shi. Sai na ce bari in ƙi shiga. In suka ga ban zo ba, tuwon zai koma ciki, yara su ci, Juma'a mai zuwa kuma ba za su sake dafawa ba. Na dawo Juma'a ta biyu, sai ga hayaƙin nan kuma."

Ya dube ni a karo na farko. "Ta dai ci, ko? Tuwon ya koma ciki?"

Ina iya cewa e. Babu wanda zai ƙaryata ni. Na daɗe ina kallon tokar murhunsa, sannan na ce, "Akushi ɗaya ya koma, Baba. Ɗayan ni na ci. Duka biyun Juma'o'in."

Na yi zaton zai yi faɗa. Sai ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da feƙe kara. Ya ce, "Kai ma yunwar ce. Allah ya kawo mana sauƙi." Da ya zage ni da ya fi mini.

Na tambaye shi ko ya hango ta daga tsamiyar. Ya ce danga ta tare, amma ya ji muryarta. "Tana rigima ba ta son kitso. Uwarta ma haka take." Ya ɗan yi murmushi. "Muryar ma wani abu ce."

Ban bi ta ko'ina ba, na koma kotu. Na sami Malam Bala na ce ina so a gyara rahotona.

"A gyara me? Ka ce bai zo ba, na rubuta, ka dangwala. Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"To ai shi ke nan. Kotu da abin da ido ya gani take aiki. In kowa zai tsaya bayan gida ya ce ya halarta, sai mu rufe ofis."

Gaskiyarsa ce ta fuskar aiki. Amma Asabar saura kwana huɗu. Masinja ba ya shiga wajen Alƙali sai an kira shi, haka ƙa'ida take. Washegari Laraba, da na shiga ajiye masa butar alwala, sai na durƙusa na ƙi tashi.

"Habu, lafiya?"

Na kwashe duka na faɗa masa, har da tuwon. Ya saurara yana jan carbi.

"Laifin ba naka ba ne kai kaɗai," ya ce. "Ni na zaɓi Juma'a. Na duba littafi, ban duba rumbu ba." Sannan ya tambaye ni, "Tsohon yana azumin Litinin da Alhamis?"

"Allah ya gafarta Malam, bana kowa yana yi, da niyya ko babu niyya."

Ya yi 'yar dariya. "To ka ce masa ya ɗaura niyya yau. Gobe Alhamis. Mai azumi ba a dafa masa abincin rana, kuma ba ya cin mutuncin kowa in ya ƙi ci." Ya kira akawu ya sa aka rubuta sabon umarni: ziyara ta koma Alhamis da hantsi, mai ƙara yana azumi, kotu ta hana a ɗora tukunya dominsa. Ya ce in karanta wa Sale wannan na ƙarshen sau biyu. Na ce ban iya karatu ba. Ya ce, "Ai ka fi takardar sanin abin da ke cikinta."

A ranar na yi ƙauyukan biyu.

Ranar Alhamis na ɗauko tsohon a bayan kekena. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Da muka doshi Gidan Maƙera na ji yana leƙe ta kafaɗata. Babu hayaƙi. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sale ya tarye mu a ƙofa ya durƙusa. Aka fito da Binta. Ta ga baƙon tsoho, ta ɓuya a bayan rigar ubanta.

"Af!" in ji Baba Iro. "Uwargida, saurayi kika samu kika manta da ni?"

Ta leƙo da ido ɗaya.

"Ni ne fa mijin naki. Na yi tafiya ne."

"Kai tsoho ne," ta ce. "Ba ka da haƙori."

"Suna gida. Na adana su ne, bana babu abin taunawa."

Sale ya yi dariya ba shiri, ya rufe baki. Tsohon ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar tsana ta karan dawa, wadda na tarar yana feƙewa. Ya ɗaura mata zane da wani ɗan ƙyalle shuɗi mai ɗigo-ɗigo. Na ga Sale ya kalli ƙyallen ya kawar da kai, sai na gane daga zanen wa aka yago shi. Ya kuma ciro magarya cike da tafin hannu. Yarinyar ta matso don magaryar, ta tsaya don 'yar tsanar. Kafin wani lokaci tana kan cinyarsa tana jan gemunsa, tana tambayarsa ko jakinsa mai farin baki yana nan. Ashe ta tuna. Ya ce jakin ya tafi ci-rani.

Aka turo ƙwaryar ruwa daga cikin gida, aka ce ta masinja ce. Na ce a mayar, ni ma ina azumi.

Can tsohon ya ce, ba tare da ya dubi Sale ba, "Maganar da na yi ranar nan, zafi ne. Ka yafe mini."

Sale yana durƙushe a bakin ƙofa. "Baba, wallahi ba ita ba ce. Ta yi mini ciwo, amma ta wuce tuni. Dubi hannunta."

Muka duba. Hannun kamar karan da aka yi 'yar tsanar da shi.

"'Yarka ta bar mini amana tana ɓul-ɓul. Kunyar ka gan ta haka nake ji. Kullum ina cewa bari ta ɗan murmure tukuna."

Tsohon ya riƙe hannun a cikin nasa, ya daɗe yana murza shi. Ya ce, "Kai ka hana ruwa sauka?"

Ni da Sale muka fita waje muka bar su. A inuwar darbejiya na tambaye shi damin iri. Ya ce saura rabi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Baƙo ka zo, me za ka yi?"

Da muka leƙa bayan wani lokaci, yarinyar ta yi barci a jikinsa, 'yar tsanar a hannunta. Yana zaune bai motsa ba. Haka ya zauna har aka kira azahar. Da matar Sale ta yanzu, mai riƙon yarinyar, ta aiko aka ɗauke ta, sai da muka kama shi mu biyu kafin ya iya miƙewa, ƙafar ta mutu.

Sale ya raka mu har bakin hanya. "Baba, ka dawo gobe mana. Sai jibi za mu tashi."

Tsohon ya gyara zama a bayan keke. "Gobe Juma'a ce," ya ce. "Ba ni da azumi."

Ranar Asabar motar ta zo, suka tafi. Cikin ziyara uku da kotu ta ba shi, ɗaya ya samu.

Bayan haka Baba Iro ya riƙa zuwa kotu duk ranar Alhamis. Ba shi da shari'a. Yakan zauna a kan bencin waje, takalmansa a gefe, har sai na fito. Ya ce, "Ɗana, ko an aiko da takarda daga Kudu?" A ganinsa duk takardar duniya ta hannuna take bi. In ce babu tukuna. Mu zauna tare, ni da shi, ba mai yawan magana, har inuwa ta bar bencin, ya tashi ya kama hanya. Ni ma na saba, har nakan ajiye aikin Alhamis na kusa don kada ya zo ba na nan. Wata Alhamis cikin bazara bai zo ba. Wannan karon ban jira kowa ya aike ni ba, na hau keke. Na tarar an yi jana'izarsa tun ranar Talata.

Da ruwan farko ya sauka na auni gero mai kyau na kai Gidan Maƙera. Na tarar da ƙaya a ƙofar zauren, danga ta kwanta. Maƙwabta suka ce ba su dawo ba. Ban sake jin labarin Sale ko Binta ba har yau. Ba na cewa tuwon da na ci ne ya hana su dawowa, mutane da yawa sun tafi a shekarar ba su dawo ba. Amma ban taɓa iya cire kaina daga ciki ba.

Shekaru da yawa bayan haka na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma. Da na fara iya haɗa baƙi, wata rana ana kwashe tsofaffin fayiloli daga ɗakin ajiya saboda gara, na roƙi akawu ya nemo mini na Baba Iro. Na zauna a kan bencin nan na waje na buɗe. Rubutun Malam Bala ne, layi ɗaya, sau biyu, kowanne da zanen yatsana a ƙasa. Na bi shi da yatsa a hankali har na karanta da kaina: mai ƙara bai zo ba.

Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun fi ni ilimi, kuna karanta takarda kafin ku sa hannu. Amma ni ma da na iya karatu a ranar, da haka zan sa hannu, domin abin da idona ya gani ke nan daga inda na zauna. Mutanenmu ba kasafai suke faɗa wa kotu ainihin abin da ke damunsu ba, musamman in talauci ne. Sale ya gwammace a ce masa mai riƙo, tsohon ya gwammace a ce masa mai wasa da kotu. Shi ya sa nake gaya wa duk sabon masinja abu biyu. Kada ka ci abinci a gidan da aka aike ka, ko da cikinka yana kuka. Kuma kafin ka dawo ka ce mutum bai zo ba, tashi daga kan tabarma ka zagaya bayan gidan.